Wa ya karanta North and South? Ƙarshen nan na tashar jirgi yana cikin littafin kuwa?

'Yar Birni:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka karanta littafin nan North and South na Elizabeth Gaskell, ni dai fim ɗin kawai na gani, na BBC na 2004 mai kashi 4, ƙanwata ce ta zo min da shi a kile daga Yamai da rubutun Faransanci a ƙasa, wallahi kwana biyu ban yi barcin kirki ba, ana tsakiyar kashi na uku kuran ya ɗauke sai a salula na ƙarasa ina fifita da murfin kwano. Abu biyu ne suka tsaya min a rai. Farkon ganin da Margaret, jarumar labarin, ta yi wa Thornton mai masaƙa yana jibgar wani ma'aikaci don ya kama shi zai sha taba cikin masaƙa, haka yake a littafin? Don ni daga nan na tsane shi, da ƙyar ya wanke kansa a wajena. Sannan haɗuwarsu ta ƙarshe a tashar jirgin ƙasa, ita ma haka aka rubuta ta? Mu da ko layin dogo ba mu da shi a Damagaram amma sau biyar na maimaita wurin nan.

Malamin Angile:
Wa alaikumus salam. Duka biyun babu su a littafi, Sandy Welch da ta rubuta fim ɗin ce ta ƙara. A littafi a masauki suka fara haɗuwa, ya zo neman babanta, ba duka ba faɗa, ita dai ta dube shi sama da ƙasa irin kallon 'yar malamai ga ɗan kasuwa, shi kuma ya ji zafin raini. Ƙarshen kuwa a wani falo ne a Landan gidan 'yar'uwar mamarta, ta kawo maganar za ta zuba fam 18,057 a masaƙarsa da ta durƙushe, tana ta kame-kame wai kasuwanci ne zalla, shi kuma ya fiddo busassun furanni da ya je har ƙauyensu Helstone ya tsinko. Ki lura a zamanin Sarauniya Victoria 'ya mace mai mutunci ba ta barin namiji ya sumbace ta gaban jama'a, wannan don 'yan kallon yau aka yi. Kuma ƙarshen littafin a gurguje yake, don a mujallar Charles Dickens mai suna Household Words aka riƙa fitar da shi mako-mako daga 1854 zuwa farkon 1855, yana matsa wa Gaskell ta taƙaita. Sunan ma shi ya zaɓa, ita Margaret Hale ta so ta sa.

Maman Haidar:
Ku dai kuna ta Richard Armitage da ya fito a Thornton da ɗaure fuskarsa, ni uwar Thornton ce ta tafi da ni. Kowa na cewa muguwar suruka ce, to ku tsaya. Mijinta ya ci bashi ya kashe kansa ya bar ta da yara biyu, aka cire yaron daga lakwal ya shiga aikin kanti, sule 15 ake ba shi a sati, a haka matar nan take ware 3 tana ɓoyewa har suka biya bashin uban kaf. Bayan wannan wahalar sai wata yarinya ta zo daga kudu ba ko sisi a gidansu ta ce ba ta son ɗanki? Ke ma da ba za ki yi mata fara'a ba. Kuma fa duk da haka da maman Margaret za ta rasu ta bar mata amanar yarinyar ta karɓa, ba da daɗin rai ba amma ta karɓa. Ina da irinta a unguwarmu nan Zango, ba ta dariya amma ranar da ruwa ya yanke sati guda ita ta buɗe wa maƙwabta tanunta.

Ɗan Kasuwar Dole:
Hajiya Maman Haidar kin faɗi gaskiya. Ni matata ce ta tilasta min kallo, na zauna ina ƙunƙuni, sai ga ni na fi ta nutsuwa, amma ba soyayyar ba, yajin aikin. Garin Milton ɗin nan ƙirƙirarre ne, Manchesta ake nufi, can marubuciyar ta zauna, garin masaƙu, mu masu sayar da atamfa mun san abin da ake nufi in an ce 'yar Ingila. Kun ga audugar nan da ke tashi fari fat cikin masaƙa, kyau a ido, ita ce ta cika huhun Bessy 'yar Higgins, ɗaya daga cikin jagororin yajin aikin, har ta kashe ta. Thornton kuma da ma'aikata suka ƙi aiki sai ya ɗauko wasu daga Ailan masu karɓar kuɗi kaɗan, shi ya jawo boren da aka jefi Margaret da dutse a ka. Don haka kar a mai da shi waliyyi. Inda ya burge ni shi ne da ya taka da ƙafarsa har gidan Higgins ya ba shi aiki bayan ya kore shi a ƙofar masaƙa.

'Yar Birni:
Na gode Malam, amma ka ɓata min tashar jirgina wallahi. Anti Maman Haidar ni dai har yanzu tsoron matar nan nake ji, ki tuna zuwan da ta yi ta wanke Margaret tas kan an gan ta da namiji da dare, alhali yayanta ne Frederick da ake nema ruwa a jallo ba ta da halin faɗa. Malam in kana da na Faransanci, Nord et Sud, ka ara min, zan turo yaro ya karɓa bayan la'asar.

Malamin Angile:
Na Turanci ne gare ni, kuma bangon baya ya cire. Ki turo shi.