Kyamara za ta iya ware tarkacen wayoyi da kwamfuta?

Abba_Mabera:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana kwamfuta ku taimaka min. Ina aji huɗu a Ɗanfodiyo, ina son in yi furojet na na'urar da za ta kalli tarkacen kayan lantarki ta kyamara ta ware su, wanga bod ɗin waya ne (wato faifan lantarkin da ke cikinta), wanga batir, wanga wayar wuta. Yayana sana'ar gwangwan yake, yaransa da hannu suke tsince kaya, wani lokaci su ƙone wayar wuta don fidda jan ƙarfe, hayaƙin nan wallahi yana cutar da su. Zai yiwu nan Sakkwato ko sai Turai?

Injiniya_Gwiwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Zai yiwu, ana ma yi, kamfanonin ZenRobotics a Finlan da AMP Robotics a Amurka dukansu da kyamara injinansu ke gane kaya a kan bel mai tafiya da kaya, hannun inji ya ɗauke. Amma fa kyamara bayan abu kawai take gani, ba ta san mi ke ciki ba, shi ya sa manyan masana'antu ke haɗa ta da maganaɗisu da na'urar eksire, kuma ko na'urar infrared, mai gane nau'in roba da hasken da ido ba ya gani, baƙar roba tana ba ta wahala. Wahalar gaskiya hotuna ce, sai ka ɗauki dubbai ka yi wa kowane suna kafin kwamfuta ta koya, kuma kayanmu fasassu ne sun sha ƙura, ba su kama da hotunan intanet ba.

Sani_Gwangwan:
Malam Abba ni cikin harkar nike. Yaron da ya ƙware da ya ɗaga bod ya san na kwamfuta ne ko na rediyo, kuɗinsu ba ɗaya ba. Ga zafin garin nan ga ƙurar hunturu da za ta rufe gilashin kyamarar, wuta kuma sai dai sola. Wa zai sayi injin?

Maman_Hanan:
Ɗana ka ji shawarata, ka tsaya kan batir kawai. Batirin lithium in anka murƙushe shi yana kama wuta, ko shi kaɗai na'urarka ta gane ta yi ƙara kafin a sa guduma, ka tsare hannun wani. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 an zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki a duniya, kashi 22 cikin ɗari kacal anka sarrafa yadda ya kamata.

Abba_Mabera:
Na gode Mama, batir ɗin zan bi. Malam Sani, za ka bar ni in zo wajenka ranar Asabar in ɗauki hotunan batura da wayata?