Kumburin cikin jiki da ciwon ƙoda: abin da tattaunawar ta tsayar

A wata tattaunawa da aka yi kan kumburi da ciwon ƙoda, yawancin waɗanda suka yi magana sun yarda cewa mai daɗaɗɗen ciwon ƙoda yakan zauna da kumburi a cikin jiki, marar zafi, wanda ido ba ya gani, yana lalata jijiyoyin jini da zuciya a hankali.

An fi daɗewa a kan gwajin CRP, sinadarin da hanta ke fitarwa idan IL-6, wani sinadari da jiki ke sakewa lokacin kumburi, ya zaburar da ita. Aka ce kada a yanke hukunci da gwaji ɗaya, domin zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga shi. A maimaita bayan an warke. Haka feritin, wanda ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki: kumburi na ɗaga shi alhali jiki na ƙishin ƙarfe, shi ya sa allurar ƙarin jini wani lokaci ba ta ci.

In CRP ya ƙi sauka, a nemo tushen kumburin: ruɓaɓɓen haƙori, gyambon ƙafar mai ciwon suga, ko bututun wankin ƙoda da ke wuya.

Gargaɗin da ya fi damuna shi ne na Diclofenac da Ibuprofen. Mutane na saye a kemis da sunan maganin kumburi, ga shi suna ƙara durƙusar da ƙodar.