Me ya sa ake amfani da antibodi mai ƙyalli wajen neman furotin mai ƙyalli?

Ɗalibar Bincike:
Assalamu alaikum. Ina aiki da ƙwayoyin halitta masu ɗauke da furotin ɗin GFP, wanda ke fitar da koren haske idan aka haska shi da haske mai tsawon zango nanomita 488. Lokacin da suke raye hasken yana fitowa tar, amma da na kafe su, wato na kashe su na adana siffarsu, da sinadarin metanol sai ya dusashe. An shawarce ni da in sa antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ke maƙale wa wani takamaiman abu, mai ɗauke da rini, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda zai gano furotin da haskensa ya riga ya mutu.

Tsohon Malami:
Wa'alaikumus salam, Malama. Antibodi ba ruwansa da haske, jikin furotin ɗin yake kamawa. GFP yana da amino asid 238 waɗanda suka naɗe kamar ganga, kuma ɓangaren da ke ƙyalli yana tsakiyarta, don haka idan metanol ko zafi ya taɓa gangar sai hasken ya tafi, alhali sau da yawa wuraren da antibodi ke maƙalewa suna nan. Da ni ne, da farko zan gwada kafewa da sinadarin farafomaldehaid kashi 4 cikin 100 a maimakon metanol. Idan antibodin ya zama dole, ki zaɓi mai rinin Alexa Fluor 647, wanda haskensa ja ne, domin ƙwayoyin da aka kafe kan fitar da ɗan koren haske na kansu, wanda ke ruɗin ido.

Mai Nazarin Ƙwayoyi:
Ina ƙara jan hankalinki, 'yar'uwa: furotin masu ƙyalli YFP da CFP daga GFP aka samo su, wanda asalinsa halittar teku ce Aequorea victoria, saboda haka antibodin zai kama su duka. mCherry kuwa, furotin mai jan haske, daga dangin murjani ya fito, sai an nema masa nasa daban. Kuma kada ki bar gwada ƙwayoyin da ba su da GFP ko kaɗan. Na taɓa ɓata mako biyu ina ɗaukar hoton abin da ba furotin ɗina ba ne.

Ɗalibar Bincike:
Na gode, Malamai. Akwai mCherry a samfurin nawa, ashe ke nan antibodin GFP ba zai kama shi ba. To, nanobodi fa?

Tsohon Malami:
Nanobodi ɗan ƙaramin nau'in antibodi ne, daga dangin raƙumi ake samunsa, kamar lama da alfaka. Nauyinsa kusan kilodalton 15 ne, antibodi na yau da kullum kuwa kusan 150, shi ya sa nanobodi ya fi ratsa nama mai kauri, sai dai ya fi son GFP da siffarsa ba ta lalace ba.