Bayan shekara takwas da rijista sun ce akwai cikon harajin kan sarki a kaina: wa ya taɓa shiga wannan?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. A 2018 na sayi gida a hannun wani bawan Allah, kuma ban tsallake mataki ko ɗaya ba. Lauya ya rubuta takardar ciniki, aka nemi sahalewar gwamna, masu kimantawa suka zo da tef ɗinsu suka zagaye gidan, suka yanka mini harajin kan sarki, wato harajin da ake biya kafin a buga wa takardar ciniki hatimin hukuma, na biya ta banki, aka buga hatimi, aka yi rijista. Makon jiya na koma ofishin da aka yi rijistar don karɓar wata takarda da banki ya nema, sai jami'in ya buɗe fayil ya ce wai an karya darajar gidan a wancan lokacin, don haka akwai ciko. Hujjarsa ita ce gidajen layinmu sun yi tsada yanzu. Ban musa ba, an yi mana kwalta da magudanar ruwa. Amma lokacin da na saya, in aka yi ruwan sama ko mai adaidaita sahu ba ya yarda ya shigo layin. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan, don Allah ya aka ƙare?

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam. Baban Ilham, ya ba ka a rubuce? Ni ma an taɓa faɗa mini haka a kan gidan marayuna. Na ce a rubuta mini, da sa hannu da hatimin ofis. Da takardar ta fito, ashe ba harajin kan sarki ba ne, kuɗin ƙasa ne na shekara-shekara da ya taru tun rasuwar mahaifinsu. Wannan kam na san da shi, na biya. Su a baki komai haraji ne.

Baban Ilham:
Hajiya, ko ƙyallen takarda bai ba ni ba. Ya dai ce in dawo mu zauna.

Dillali Mai Fuloti:
"Mu zauna" ɗin nan ai mun san fassararsa. Amma bari in faɗi wadda ba ta yi mana daɗi, mu masu wannan sana'a. Sau da yawa takarda biyu ake yi. Ɗaya ta gaskiya, wadda mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu, ita ake cire la'ada a kanta. Ɗaya kuma ta kai wa ofis, an zaftare kusan rabin kuɗin. Mai saye ne ke roƙo, mu kuma mu yi shiru don ciniki ya faɗa. Akwai wani alhaji da na yi wa hanyar kango, ya yi haka, shekaru suka wuce lafiya lau. Da mai sayarwar ya rasu, magada suka tayar da rigima cewa ba a gama biyan mahaifinsu ba. Don ya kare kansa dole ya fito da takardar gaskiya da shaidar tura kuɗi ta banki. Lauyan magada ya ajiye ta kusa da wadda aka yi wa rijista, kuɗi biyu daban a kan gida ɗaya. Ya tsira da gidan, amma ya biya ciko da tara, ga kunya a gaban surukansa da suka rako shi. Tun ranar na daina sa hannu a takarda ta biyu.

Lauyan Unguwa:
Yaya Baban Ilham, na yi irin wannan aikin sau da dama, bari in ɗan tsawaita.

Cinikinka na 2018 ya faɗa ƙarƙashin tsohuwar dokar harajin kan sarki, wadda asalinta tun 1939 ne, zamanin Turawa. Harajin a kan takardar yake, wato cinikin da aka ƙulla a ranar da aka ƙulla shi. Kwaltar da aka shimfiɗa daga baya ba ta cikin wannan ciniki. Kuma a dokar, idan kwamishinan harajin kan sarki ya duba takarda ya yanke abin da za a biya, aka biya, aka buga hatimin da ke nuna an biya daidai, takardar ta zama karɓaɓɓiya a kotu, ba a sake tayar da maganar haraji a kanta. Shi ma mai biya an ɗaure shi da lokaci: in bai gamsu da abin da aka yanka masa ba, kwana 21 gare shi ya kai ƙara babbar kotu, bayan ya biya.

Sai wa'adi. Sashe na 114 na waccan dokar ya ba da shekara biyar a fara shari'ar ƙwato haraji ko tara. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, sun soke tsohuwar, kuma ƙa'idar da ke cikinsu ta sake yanka wa mutum ƙarin haraji shekara shida ce. To ko da biyar aka auna ka ko da shida, takwas ta wuce.

Amma abin da Dillali ya faɗa shi ne ramin. Wa'adin shekara shidan nan ba ya kare wanda ya yi ƙarya da gangan. Tsohuwar dokar ma ta wajabta a rubuta gaskiyar duk abin da ya shafi harajin a cikin takardar. Don haka tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya shigo ofishina da wannan kuka ita ce: kuɗin da ke rubuce shi ne kuɗin da ya fita daga aljihunka? Wasu sai su fara kallon silin.

Wani abu kuma da littafi ba ya faɗa. Wa'adin yana hana su kai ka kotu ne, bai hana jami'i ya danne fayil a aljihun tebur ba. Maganinsa wasiƙa. Ka rubuta wa shugaban sashen, ka haɗa da kwafin rasit da takardar kimantawa, ka nemi a nuna maka sashen dokar da aka dogara da shi, a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. In kuwa suka aiko da takardar neman biya ta gaske, kada ka ajiye ta a saman firij, kwana 30 ake bayarwa a rubuta rashin amincewa. Bayan nan akwai kotun sauraron ƙararrakin haraji, ta shiyyarmu ta arewa maso yamma a Kaduna take zama.

Abu Khalil:
Barista, nawa ya ɗan bambanta. Na sayi fili a 2015, na jefa takardar a akwati, sai bara na je yin rijista. Da farashin bara suka kimanta, ga tara. Na yi ta faɗa ina cewa an sake yi mini kima.

Lauyan Unguwa:
Malam Abu Khalil, kai ba sakewa aka yi ba, farko ne. Kwana 30 doka ta ba ka ka kai takardar a buga mata hatimi, ka kai ta bayan shekara goma.

Abu Khalil:
Haka matata ma ta ce.

Hajiyar Kantin Kwari:
Ni matsalata wajen wanda aka biya ne. Na sayi shago a hannun wani kamfani, yaron da na aika ya biya a asusun jiha, aka ba shi rasit, muka yi ta murna. Daga baya lauyan banki ya ce in akwai kamfani a cikin ciniki, na tarayya ne, jiha tana karɓa ne in tsakanin mutum da mutum aka yi. Sai da na sake biya. Kuɗin farko har yau ina bin sawu, takalmi biyu na kashe a kan matattakalar ofishin nan.

Dillali Mai Fuloti:
Allah ya fito miki da su, Hajiya. Masu awon igiya kuma da ke manna kan sarkin gidan waya a takarda su sa hannu a kai, su sani wannan ba rijista ba ce.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Barista, amsar tambayarka ita ce e, abin da na biya shi ke rubuce, mahaifina ne ya hana ni ragewa a lokacin, har na ji haushinsa. Jiya da daddare ni da uwargida muka zazzage jakar takardu a tsakar ɗaki. Mun samu takardar kimantawa da tela ta banki. Rasit ɗin ya koɗe, tawadar ta kusa ɓacewa, amma lambar tana karantuwa in an haska da fitilar waya. Na kai an yi hoto uku. Wasiƙar kuma Ilham ce ke buga mini ita a kwamfuta yanzu, Litinin da safe in sha Allahu zan kai.