"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi": har da yaran da aka haifa a waje?

Maman Biyu: Salamu alaikum jama'a. Ina da tambaya kan maganar nan ta kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ɗiyar yayata da ke karatu ta ba ni wani littafi na Randa Abdel-Fattah, Does My Head Look Big in This?, ya fito 2005. Labarin wata yarinya ce Amal, shekararta 16, iyayenta Falasɗinawa ne amma ita a Ostareliya aka haife ta, a Melbon suke zaune, rana ɗaya ta yanke shawarar za ta riƙa sa hijabi kullum har makaranta, makarantar kuma ta 'ya'yan masu kuɗi ce babu mai sa shi sai ita. To ni dai ina karantawa maganar nan tana ta yi min yawo a kai. Yarinyar da ba ta taɓa barin ko'ina ba, wane gida ne zai bar ta?

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ba da ita ake ba. Da iyayenta ake, su ne suka ɗau jaka suka tafi.

Malamin Aji: A'a ɗan'uwa, ina ganin ka taƙaita ta da yawa. Gida a nan ba katanga da rufin kwano ba ne, zumunci ne da yare da yadda ake gaida manya. Mutum zai iya barin gida yana kwance a ɗakin uwarsa. A cikin littafin nan ma akwai kawun Amal da ya koma kiran kansa Joe, yana ta ƙoƙarin nuna ya fi 'yan ƙasar zama ɗan ƙasa. Shi ne maganar ta hau kansa daram, Amal kam ba ruwanta.

Ɗan Zango: To Malam shi kuma kawun zai ce maka in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma nemo ka ɗaura hhh. Duk Hausawa ne suka faɗa fa.

Malamin Aji: Waccan ta baƙo ce mai kwana biyu, dabarar zama lafiya. Ba a ce ka yanke taka ka yar ba.

'Yar Gidan Liman: Don Allah ku bari in sa baki, domin ni abin da ke damuna da maganar nan shi ne kullum laifin na wanda ya tafi ne, kamar gida shi bai taɓa korar kowa ba. Ku duba littafin Minaret na Leila Aboulela, 'yar Sudan ɗin nan da ta fara cin kyautar Caine ta marubutan Afirka a 2000. Najwa 'yar babban jami'in gwamnati ce a Khartum, ga mota ga 'yan aiki ga jami'a, aka yi juyin mulki a 1985 aka kama uban aka kashe, suka gudu Landan, dukiya ta ƙare har ta koma aikatau a gidan wasu Larabawa tana rainon yarinya. Wa ya fara barin wani a nan? Kuma abin da ya fi ba ni mamaki wlh, a Khartum ba ta damu da salla ba, sai dai ta tsaya tana kallon ɗalibai suna yi a harabar jami'a, a Landan ɗin ne a masallacin Regent's Park ta kama addini hannu bibbiyu. In da maganarku gaskiya ce ko'ina ai da can ne za ta watsar.

Maman Biyu: Tab, wannan ma wata ce. Ita ma Amal ba iyayen ne suka tilasta mata ba, su tsoro ma suke ji mata, don labarin a 2002 yake, bayan harin 11 ga Satumba na Amurka, ana cikin haka kuma aka kai harin bam a tsibirin Bali na Indonesiya.

Ɗan Zango: Ni fa a Kumasi aka haife ni, kakana ne ya zo da fataucin goro. In na je Kano da na buɗe baki sai a ce ɗan Gana ne, a nan kuma ɗan zango ne har gobe. Shi ya sa na ce da iyaye ake, don in aka ce da mu ake to an zalunce mu gsky.

Malamin Aji: Na ji taka, kuma na yarda ba a jefa wa yaro ita. Amma ƙanwata, Najwa ta samu addini, ba ta samu Khartum ɗin da ta sani ba, wannan ya tafi kenan. Maganar ba zagi ba ce kawai, wani lokacin labari take bayarwa na abin da ke faruwa, ko da laifinka ko babu.

'Yar Gidan Liman: Yaya ai ba a haka mutane ke amfani da ita ba. Ka taɓa jin an faɗa wa wani ita cikin tausayi? Sai ranar rabon gado ko in an ga yaro ya dawo hutu bai iya durƙusawa ba.

Maman Biyu: Hhh wannan kam haka ne. 'Yar Gidan Liman in kina da Minaret ɗin ki aro min, ni na ɗayan ma ban kai ƙarshe ba, kar wanda ya gaya min yadda ta kaya da shugabar makarantarsu.