Mazubin harsashin Kaka: da gaske daga Burmi ya zo?

Auta (garin Mai Wurno, Sudan): Salamu alaikum iyaye da yayye. Muna gyaran ɗakin Kaka na ci karo da wani ƙarfe cikin tsohon adaka, naɗe da tsumma. Kamar awartaki yake, in ka buɗe bakinsa akwai rami a kowane gefe, da 'yar kafa a sama. Kawu ya ce mazubin harsashi ne, kuma da shi aka yi yaƙin Burmi.

Kawu: Haka na ce, ban kuma janye ba. Da kunnena na ji Baba yana cewa kayan yaƙin gidanmu daga Sakkwato suka zo. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas har bakin kogin Nilu a nan Sudan, kakanmu yana cikin ayarin. Me ya rage na musu?

Yaya (Madani): Allah ya ƙara maka lafiya Kawu, hijirar ba wanda ya musa. Kan ƙarfen nake da tambaya. Auta, ramin nan ƙwallo ne kamar ɗan goriba, ko dogo ne?

Auta: Dogo ne Yaya, kamar ƙwallon dabino, gindinsa a shafe. Na sa tef ɗin ɗinki, faɗinsa milimita 11 da ɗan wani abu, tsawonsa ya ninka haka fiye da sau biyu.

Yaya: To ka ji. Ba a zaɓen mazubi don kyansa, bakin bindiga ke zaɓensa. Bindigar toka irin ta mutanenmu na da cikinta sumul yake, ta baki ake ɗura mata, harsashinta dunƙulalle. Manyan cikinsu ƙwallonsu kan kai milimita 17, nauyin dalmar ya kusa giram 30. Dogon harsashi kuwa sai bututu mai zane a murɗe daga ciki, wanda zai juya shi ya tafi da kai a gaba. Ka saka shi a bindigar toka, tungurguma zai yi ta yi a iska. Milimita 11 kuma awon bindigar Remington ne, irin ta sojan Masar, wadda Ansar, mabiyan Mahadi na Sudan, suka kwashe dubbai ranar da suka gama da rundunar Baturen nan Hicks a Shaikan a 1883. A Omdurman Halifa, magajin Mahadi, yana da Baitul Amana, wato gidan ajiyar makamai, ana sake ɗura kwanson harsasai. Ni a ganina ƙarfen nan ɗan Sudan ne, a nan Kaka ya same shi.

Kawu: Wato Babana ƙarya ya yi?

Yaya: Subhanallahi, ban faɗa ba Kawu. Ya ce kayan yaƙi. Takobin da kwarin da ke rataye a zaure ban taɓa shakkarsu ba, don da su da mashi aka fi fuskantar Turawa a Burmi.

Malam (Gadarif): Ku bari in sa baki. Ɗana, ka yi saurin yanke hukunci. Dogon harsashi bai hana abu fitowa daga yamma ba. Rabe daga Sudan ya tafi da bindigogi masu ɗuri ta baya, ya ci Barno a 1893, ya zauna Dikwa har Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Da rundunarsa ta watse, ina bindigogin suka tafi? Ayarin hijira ta yankin Tafkin Chadi ya ratsa, ya yi shekaru a hanya. Mutum zai iya sayen bindiga da mazubinta a can. Na biyu, Martini ta Ingilishi ita ma kusan milimita 11 da rabi ce. Tef ɗin ɗinki ba zai raba maka su ba.

Yaya: Na karɓi ta biyun Malam, awon bai isa ya ce Remington ce kaɗai ba. Amma ko a hanya aka saya, ai bayan Burmi ke nan.

Kawu: Ko kafin. Fatake ba su daina zirga-zirga tsakanin Barno da Kano ba.

Auta: To in narka dalma in zuba guda ɗaya mu auna nauyinsa? Na ji Martini ta fi nauyi.

Gwaggo (Jidda): Kul! Kada ka kuskura Auta. Gida cike da yara za ka narka dalma? Ba ka ji yaran Zamfara sama da 400 da gubarta ta kashe a 2010 ba? Kuma kada ka fita da ƙarfen nan ko nan da kasuwa. Wanda zai tsayar da kai a shinge a wannan zamani ba tarihin Burmi zai tambaye ka ba.

Ni dai ga abin da idona ya gani. Ina yarinya Baba kan zauna gindin bishiyar bayan gida da kaskon gawayi, ya zuba dalma a wannan ƙarfe, ya kwankwasa ta faɗo cikin yashi tana sheƙi, ya huda ya ɗaure a bakin birgi. Kifi muka ci da shi, ban taɓa ganin bindigarsa ba. Hannu ɗaya yana da ɗaurin jan fata, don ya taɓa ƙona shi.

Auta: Ɗaurin yana nan Gwaggo, ya yi baƙi.

Kawu: Wannan na tuna. Amma kafin birgi ai an yi masa wani aiki.

Malam: Auta, goge tsatsar hannun da mai a hankali, kada ka kankare. Na masana'anta kan zo da lamba ko haruffa. In duka jikinsa sawun guduma ne, to aikin maƙera ne, sai mu koma tambayar wace maƙera.

Auta: Akwai wani abu kusa da ƙusar, kamar lamba biyu. Duhu ya yi, wuta kuma babu. Da safe zan ɗauko hoto.