Tura fim mai baƙi da fari a gida: me ya same ku a wankin farko?

Mai buɗe zance, Zariya
Assalamu alaikum. Na sa Ilford HP5 Plus a Pentax K1000 ɗin da mahaifina ya bar mini. Lambar saurin fim ɗin (ISO) 400 ce, amma na tura shi, wato na saita kyamarar a 1600 da niyyar ƙara masa lokaci a wanki, don ina son ɗaukar teburin mai shayin layinmu bayan isha'i ba tare da filasha ba. Na wanke da sinadarin fito da hoto mai suna ID-11 ban sirka shi ba, minti 14 kamar yadda takardar Ilford ta ce. Tururin tukunya da ƙwan fitila sun fito, har sun yi baƙi ƙirin a negatif, wato wankakken fim, inda wurin haske ke fitowa baƙi. Su kuwa mutanen kan benci babu su, wurin fuskokinsu fes kamar gilashi. Abin ya dame ni ƙwarai, don akwai dattijon da na so in kai wa hotonsa. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Tsohon mai studiyo, Kano
Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekaru hannuna yana warin fiksa, sinadarin da ke tabbatar da hoto a jikin fim, ga abin da na sani. Daga 400 zuwa 1600 mataki biyu ne, wato kashi ɗaya bisa huɗu na hasken da fim yake so ka ba shi. Ƙarin lokaci a cikin sinadari yana kaurara wuraren da haske ya taɓa. Inda haske bai sauka ba, ko kwana fim ya yi a tanki ba abin da zai fito. Shi ya sa fitila ta ƙone, fuska ta ɓace.

Ina kyautata zaton fitilar ce ta ruɗi ma'aunin kyamararka. K1000 haɗa hasken duk abin da ke gabanta take yi ta raba, da ta ga ƙwan sai ta ɗauka gari ya waye. Ni matsawa nake yi kusa da mutum har fuskarsa ta cika mini ido, in auna, in ja da baya, in ɗauka a haka. Ka kuma nemi wanda ya zauna inda hasken ke dukan kuncinsa. Mu a da, wurin kamu da dare, sai mun roƙi a matso da fitilar gas gefen amarya kafin mu danna.

'Yar'uwa daga Maradi
Baba ya gama magana a kan inuwa. Amma ɗan'uwa, ka auna zafin ruwanka? Minti 14 ɗin nan a digiri 20 aka rubuta shi. Ni a wankina na farko, cikin watan Afrilu, na ɗebo ruwan famfo na zuba, daga baya na tsoma ma'auni na ga 31. Negatif ya fito da kauri, ga yashi-yashi har a farar riga. Sinadari yana ƙara sauri da kusan kashi 10 cikin 100 a kowane digiri, to ka lissafa da kanka.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina sa ruwa da ƙanƙara a kula, in jera kwalabe uku a ciki, na wanki, na tsayar da wankin da fiksa, sai duk sun sauka 20. Tankin ma a roba mai ruwan sanyi yake zama tsakanin juyi da juyi, domin minti 14 a ɗakinmu ya isa ya ɗumama shi. Kada ka sanyaya na wanki kaɗai ka bi shi da ruwan ɗauraya mai zafi, fatar fim ɗin tana iya yamutsewa.

Ɗalibi, Kaduna
Ƙaramar kyamarata da kanta take karanta lambar da ke jikin gwangwanin fim, ba ta da wurin sauyawa. Na zaci a 1600 nake ɗauka, ashe a 400 take. Masu irinta su duba tukuna. Kuma turi na nadi ɗaya ne gaba ɗayansa, ba a raba shi rabi rana rabi dare. Ina manna takarda a gwangwani in rubuta lambar tun kafin in sa.

Wani ɗan zango, Kumasi
Ni sauya sinadari ne ya taimake ni. Da sinadarin Rodinal na fara tura fim ɗin Tri-X, yashin ya yi mini yawa, kodayake akwai masu son sa haka, kuma a hoton maƙera ya yi kyau. Da na koma Microphen, wanda dama don turi aka yi shi, inuwa ta ɗan buɗe. HP5 a 1600 minti 11 ne a cikinsa ba sirki. Ga sabon shiga shawarata ya tsaya a 800 tukuna, mataki ɗaya, asarar kaɗan ce. Juyi kuma a hankali, sau huɗu a farkon kowane minti, sannan ka buga gindin tanki a tebur don kumfa ta saki fim.

Tsohon mai studiyo, Kano
Ƙari ɗaya tunda hunturu ya kusa. Ka yayyafa ruwa a banɗaki, ka rataye fim, ka rufe ƙofa, kada kowa ya buɗe sai bayan awa biyu. Ƙurar da ta manne a jiƙaƙƙen fim takan bushe tare da shi, kuma a baƙin hoton dare kowane ɗigo fari yake fitowa.

Mai buɗe zance, Zariya
Na gode Baba, na gode Yaya da sauran 'yan'uwa. Na auna ruwanmu, 28 ne. Jiya na koma da sabon nadi a 800, na auna a kuncin dattijon, na roƙe shi ya matso gefen fitila. Na wanke minti 10 da rabi a digiri 20, tanki cikin roba. Furfurar gemunsa ta fito, har zanen hularsa ana gani, bayan benci dai duhu ne. Ranar Juma'a in sha Allah zan kai masa.